FILIN ILMI DON KOWA: A Karanta Ƙasa Kafin A Aza Tubali

 

Tun da aka fara komowa gida a shekarar 2025, bayan ƙurar yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ta ɗan lafa a Khartum, maganar da ke bakin jama'armu a Alsahafa da Mayo da Omdurman ba ta wuce biyu ba, wato gyaran gida da neman ruwa. Wannan na neman magini, wancan na cigiyar mahaƙin rijiya. To amma kafin a zuba 'yan kuɗin da aka sha wuya aka tara, muna ganin ya kamata a san irin ƙasar da za a zuba su a kai. Akwai ilmi sukutum game da haka, shi ne ilmin sanin ƙasa da duwatsu, wanda 'yan boko ke kira jiyoloji.

Abu na farko da masanin wannan ilmi ke riƙewa in zai shiga daji shi ne taswira mai nuna tudu da kwari. A jikinta akwai wasu layuka masu lanƙwasa, kowane layi ya haɗa wuraren da tsayinsu daga teku ya zo ɗaya. In layukan suka matsu da juna, gangaren yana da tsanani. In suka yi nesa da juna, fili ne shimfiɗaɗɗe. In kuwa suka yi tsini kamar bakin mashi, to hanyar ruwa ce, kuma tsinin yana duban inda ruwan ke fitowa. Sai ma'auni: in an rubuta 1:100,000, santimita guda a takarda kilomita guda ke nan a ƙasa.

Wani zai ce, ina ruwan talaka da wannan? Ai shi ya fi kowa ruwa da shi. Garinmu shimfiɗe yake kamar faifai, saboda haka bambancin mita ɗaya, wanda ido ba ya gani, shi ke raba gidan da ya tsira da wanda ya rushe. Dattawanmu ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, sa'ad da aka tafka ruwan da ya haura milimita 200 a dare guda, gidajen ƙasa suka narke kamar gishiri. An kuma ga ambaliyar 2020. Kwarin Abu Anja da na Shambat a Omdurman da rani a bushe suke ƙayau, har mutum ya yi sha'awar fili a bakinsu don araha. Taswira kam ba ta ɓoye su, ko da dillali ya ɓoye.

Daga nan sai abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Ƙasa hawa-hawa take, kamar an jera tabarmi. Wannan ba baƙon abu ba ne wurin mahaƙanmu na gargajiya, waɗanda za su gaya maka a gaba nawa aka wuce laka, a gaba nawa aka taras da rairayi ko marmara. Bambancin kawai shi ne ɗan jami'a yana aunawa ya rubuta, ya kuma sa a taswira don na baya ya amfana. Haka William Smith ya yi a Ingila, ya fitar da shahararriyar taswirarsa a 1815, shi ma kuwa a wajen haƙar hanyoyin ruwa ya koyi abin.

Kafin yaƙi, ɗaliban Jami'ar Khartum sukan tafi Sabaloka, wajen kilomita 80 arewa da nan, inda Nilu ya ratsa ta tsakanin duwatsu, su yi kwanaki da guduma da kamfas da littafi a hannu. Suna auna abu biyu a jikin kowane falon dutse: ina ya miƙe, kuma ina ya karkata, da digiri nawa. Kada a raina karkatar nan. Shimfiɗar da ta karkata da digiri ɗaya tak, in ka bi ta kilomita guda, ta nutse da wajen mita 17. Shi ya sa maƙwabcinka zai sami ruwa a kusa, kai kuwa a can gaba ka yi ta haƙa har aljihu ya huje. Kauri ma yana ruɗi: shimfiɗar da ta karkata digiri 30, faɗinta a fili ya kai mita 100, ainihin kaurinta mita 50 ne kacal.

To me awon ya nuna game da garinmu? Omdurman tana zaune bisa dutsen rairayi, irin wanda ake gani a duwatsun Markhiyat da Jabal Auliya. Yana ɗaukar gini, yana kuma riƙe ruwa a cikinsa kamar soso. Mu kuwa na Alsahafa, da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, laka ce a ƙarƙashinmu, irin baƙar ƙasar Jazira. Ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsattsage, bango kuwa ya bi ta. Ba kowace tsagar bango ce aikin harsashi ba. Wanda ya liƙe tsaga da siminti bai duba harsashin ginin ba, baɗi ma zai sake sayen siminti. Kuma bututun da ke yoyo a gindin bango ya fi gara ɓarna.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗi. Ramukan bayan gida da ake zurfafawa har su kai ruwan ƙasa suna iya haɗuwa da ruwan sama-sama da gajerun rijiyoyi ke ɗiba. Bayan annobar kwalara da ta faɗa wa Khartum a 2025, wannan ba abin wasa ba ne. Saboda haka duk unguwar da ta yi karo-karo za ta haƙa rijiyar burtsatse, shawararmu ita ce a sa wani yaro mai ilmi ya tsaya a kan masu haƙa. Duk bayan 'yan mitoci ya ɗebi abin da ya fito, ya zuba a leda, ya rubuta zurfin da launin, laka ce ko rairayi ko tsakuwa. A tabbata an toshe ruwan sama-sama da siminti, a jawo daga na ƙasa. Takardar kuma a ajiye ta wurin kwamitin unguwa ko limamin masallaci, domin masu haƙa ta gaba su san a mita nawa za su tsaya.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake gane ruwan da gishiri ya yi wa yawa.