Akwatin ɗumama iri: a duba tamostat kafin a duba farashi

Duk mai bibiyar bidiyon lambu a TikTok ko YouTube ya san wannan akwatin roba mai murfi garai-garai, wanda ake jona wa wuta, a zuba ƙasa, a shuka iri, bayan 'yan kwanaki a ga tsiro ya leƙo. Matasan da ke noma a buhu da bokiti a bayan gida sun fara tambayar ko ya cancanci a saya. Amsar a taƙaice: yana da amfani a ƙasar Hausa, amma na 'yan makonni ne a shekara, kuma wanda ba shi da na'urar daidaita zafi, wato tamostat, asarar kuɗi ne.

An ƙera akwatin ne don ƙasashe irin su Ingila, inda masu lambu ke shuka tumatir da barkono a cikin ɗaki a watan Fabrairu, lokacin da ƙasar waje ta yi sanyi ƙarara. A ƙasan akwatin akwai wayar da ke ɗumama ƙasar shukar, murfin kuma yana riƙe danshi. Aikinsa ke nan. Ba ya ba da haske, ba ya ba da taki.

Abin da iri ya damu da shi shi ne zafin ƙasa. Irin tumatir na tsirowa cikin kusan kwana 6 a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, amma a digiri 15 sai ya kai mako biyu. Barkono ya fi shi son ɗumi: kusan kwana 8 a digiri 25, fiye da mako uku a digiri 15. Idan iri ya daɗe a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi, ruɓewa yake yi. Ga wanda ya sayi irin zamani mai tsada, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

A nan hunturu ya shigo. A Disamba da Janairu, sanyin dare a Kano kan sauka zuwa wajen digiri 13, a Jos ma ya fi haka. Mai son shuka attarugu ko tattasai a wannan lokaci zai amfana da akwatin. Amma manoman rani na Kura da Kadawa da ke renon tumatir tun kafin sanyi ya kama ba su buƙatarsa, kuma daga Maris zuwa Mayu matsalar ta koma neman inuwa.

Yanzu ga batun zaɓi. Akwatuna masu araha ba su da tamostat. Suna ɗora 'yan digirori ne a kan zafin ɗakin, dare da rana, ba tsayawa. A ɗakin Landan mai sanyi, hakan daidai ne. A ɗakin Kano kuwa, da tsakar ranar hunturu zafi kan kusa digiri 30, ga kuma ƙarin na akwatin da murfi a rufe. Idan ƙasa ta haura digiri 35, tsirowar tumatir da barkono na raguwa sosai. Mai tamostat yana kashe kansa idan ya kai zafin da aka saita, ya sake kunnawa idan sanyi ya sauko. Wanda ya fi shi ne mai sensa a kan waya, wadda ake cusawa cikin ƙasar, domin zafin ƙasa ake son aunawa.

Abu na biyu shi ne wuta. Najeriya na amfani da bolt 230 da soket mai ƙafa uku irin na Ingila, don haka kayan can suna aiki kai tsaye. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, kuma jona shi ba tare da taransifoma ba ƙonewa zai yi. A karanta bayanin kafin a biya a AliExpress ko Jumia.

Na uku, ɗaukewar wuta. Akwatin wat 20 da ya yi awa 10 a kunne ya ci wat-awa 200. Fawa bank mai 20,000mAh yana riƙe da kusan wat-awa 74 ne kawai, ba zai kai shi asuba ba, alhali da asuba sanyi ya fi tsanani. Wanda ba shi da sola ko inbata ya yi wannan lissafi tukuna. Mai ɗan sanin haɗa waya na iya haɗa nasa da shimfiɗar ɗumi ta bolt 12, da ƙaramin tamostat W1209, da batir.

Wasu za su ce kakanni sun yi ta renon iri da rufin ciyawa ba tare da wuta ba. Gaskiya ne, kuma ga mai babban gadon reno ko mai iri na gida da yake da yawa, wannan hanya ta isa. Ko tiren da aka rufe da leda aka shigar ɗaki da dare yana taimakawa. Akwatin na mai ƙwayoyin iri kaɗan ne masu tsada, wanda ba ya son rasa rabinsu.

Gargaɗi ɗaya: da zarar tsiro ya fito, a buɗe murfi, a fitar da shi inda haske yake. Barinsa cikin ɗumi da danshi na sa ya yi tsawo siriri, kuma cutar ruɓewar gindi ta kwantar da shi.

Kafin a kashe ko sisi, a sayi ma'aunin zafi mai araha, a cusa a ƙasar tire, a duba da asuba kwana uku a jere. Idan bai sauka ƙasa da digiri 20 ba, kuɗin akwatin ya fi dacewa da iri mai kyau.