RA'AYI: Hanyar keke daga Kasuwar Onitsha zuwa Igbo-Ukwu aiki ne da ya cancanci shiga kasafin tarayya

A shekarar 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya hau keke zuwa taron Majalisar Zartaswa a Abuja domin ya nuna wa 'yan Najeriya cewa keke abin hawa ne na mutunci. Ba a jima ba wata motar bas ta ture shi cikin kwata, jaridu suka yi ta yi masa dariya, maganar kuma ta mutu. Darasin da manyan ma'aikata suka ɗauka daga wannan haɗari shi ne a guji zancen keke. Darasin da ya kamata su ɗauka dabam ne: titunan ƙasar nan an gina su ne babu gurbin mai keke, ko da kuwa minista ne.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya cinye ribar ƙaramin ɗan kasuwa, kuma keke ya dawo cikin lissafin talaka. Saboda haka lokaci ya yi da masu rubuta takardun kasafi a Ma'aikatar Ayyuka da ma'aikatar da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido za su sake duba batun. Wurin da ya fi dacewa a fara gwaji shi ne ƙauyukan da ke kewaye da Babbar Kasuwar Onitsha a Jihar Anambra.

Dalili na farko shi ne yadda garuruwan tarihi suka taru a ɗan ƙaramin yanki. Wanda ya tashi daga kasuwar ya bi tsohuwar hanyar Inugu zai ratsa Nkpor ya shiga Ogidi, mahaifar marubuci Chinua Achebe. Gaba kaɗan akwai kogunan dutse na Ogbunike, waɗanda ake sauka cikinsu ta matakala 317, kuma Najeriya ta sanya su cikin jerin wuraren da take nema wa amincewar UNESCO tun 2007. Daga nan sai Enugwu-Ukwu da Nri, cibiyar tsohuwar sarautar da ta yi tasiri a ƙasar Ibo ta hanyar addini da sulhu, ba tare da rundunar yaƙi ba. Kudu da Nri akwai tafkin Agulu, sannan Igbo-Ukwu, kafin a juyo ta Nnewi a koma bakin Neja. Mai keke da ba ya gaggawa zai kammala wannan zagaye cikin kwana biyu.

Igbo-Ukwu ce ta fi kowane zango muhimmanci ga mutumin Arewa. A can ne Thurstan Shaw ya yi haƙa a 1959 da 1960, ya tono kayan tagulla da masana suka ƙiyasta shekarunsu zuwa wajen ƙarni na 9, tare da duwatsun ado fiye da 100,000, waɗanda ake ganin wasu daga cikinsu sun fito ne daga ƙasashe masu nisa. Cikin kayan akwai siffar mutum a kan doki, alhali doki ba dabbar kurmi ba ce. Wannan ya sa masana tarihi da dama suke ganin fatauci tsakanin wannan yanki da ƙasashen da ke arewa da shi ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Bahaushen da ke sauke buhun albasa ko busasshen kifi a kasuwar Ose yau yana kan tsohuwar turba ce. Har goron da ake ci a Kano Ibo suna kiransa gworo ko goron Hausa, domin su bambanta shi da nasu na gargajiya.

Dalili na biyu shi ne keke ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A zamanin mulkin mallaka, da keke 'yan kasuwar Gabas suke ɗaukar garwanin manja daga ƙauyuka zuwa wuraren saye, kuma keken Raleigh ya zama alamar rufin asiri daga Onitsha har Kano, inda daga baya kamfanin ya kafa masana'anta. Babur ne ya kore shi, sannan a 2018 gwamnatin Anambra ta hana acaɓa a Onitsha da Awka. Yanzu ɗan koli da mai gyaran takalmi da mai yankan farce, waɗanda ke kwana a unguwannin Hausawa su fita ƙauyuka neman abinci da safe, suna tsakanin tsadar mota da tafiyar ƙafa.

Waɗannan mutane, tare da manomin Nri da ɗalibar Agulu, su ne ya kamata a gina hanyar dominsu tun farko. Ɗan yawon buɗe ido yakan zo ne bayan ya ga mutanen gari suna bin hanya lafiya. Ruwanda ta nuna haka: keke abin sufurin manomanta ne tun kafin gasar Tour du Rwanda ta yi suna, kuma a Satumbar 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar Afirka. Burkina Faso na gudanar da Tour du Faso tun 1987 a ƙasar da keke ya zama abin hawan kowane gida. Najeriya kuwa, a gasar Olamfik ta Paris a 2024, sai da 'yar tserenta Ese Ukpeseraye ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga ɗaya daga cikin wasanninta.

Masu suka za su kawo hujja uku, kuma kowacce tana da nauyi. Ta farko ita ce tsaro. Tun Agustan 2021 dokar zaman gida ta ranar Litinin da 'yan awaren IPOB suka ƙaƙaba ta riƙa rufe kasuwannin yankin, kuma a Mayun 2022 'yan bindiga suka kashe wata mata 'yar Arewa mai juna biyu tare da 'ya'yanta huɗu a yankin Orumba. Dattawan unguwannin Hausawa ba su manta da rikicin Fabrairun 2006 ba. Babu wanda zai tura ɗansa ƙauye a kan keke saboda kawai an kafa allo mai kyau a bakin hanya. Amma wannan hujja tana nuna abin da dole a haɗa da aikin ne: zama tsakanin sarakunan garuruwan da hanyar za ta ratsa, da shugabannin Hausawa mazauna Onitsha, da 'yan sanda, kafin a zuba tsakuwa ko tifa ɗaya. Hanyar da mutane ke bi safe da yamma, da mai faci da mai shayi a kowane zango, ta fi wuyar tarewa a kan hanyar da aka ƙaurace wa.

Hujja ta biyu ita ce yawancin waɗannan hanyoyi na jiha ne da ƙananan hukumomi. Gaskiya ne. Sai dai babbar hanyar Onitsha zuwa Inugu ta tarayya ce, gidan adana kayan tarihi na Igbo-Ukwu yana ƙarƙashin hukumar tarayya, kuma shirin RAAMP na hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya ke tallafawa, daga Abuja ake daidaita shi. Gwamnatin tarayya na da ikon sanya sharaɗi a duk kwangilar da kuɗinta ya shiga: a yi wa titi kafaɗa mai kwalta wadda keke zai bi, a gina magudanar ruwa, a sa alamar rage gudu a bakin kasuwa da makaranta. A yankin da zaizayar ƙasa ta haƙa ramuka irin na Nanka da Agulu, kafaɗa da magudana su ne ke hana titin kansa tsinkewa, don haka mai mota ma zai amfana.

Hujja ta uku ita ce talauci ya fi ƙarfin zancen yawon shaƙatawa. Amsar tana cikin kuɗin aikin. Gadar Neja ta biyu, wadda aka ƙaddamar a Mayun 2023, ta ci ɗaruruwan biliyoyin naira, kuma ta cancanci hakan. Faɗaɗa gefen titin da yake akwai ɗan ƙaramin kaso ne na irin wannan kuɗi, ribarsa kuma tana shiga aljihun wanda ya daina biyan kuɗin mota kullum.

Akwai kuma abin da ba ya shiga takardar kasafi. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Wannan amana ta samu ne daga cuɗanya ta yau da kullum a kasuwa da kan hanya, domin zumunta a ƙafa take. Duk ranar 3 ga Yuni, Ranar Keke ta Duniya, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra kan zagaya titunan Abuja a kan keke, a ɗauki hoto a watse. Ya fi amfani su bi hanyar Onitsha zuwa Igbo-Ukwu tare da injiniyoyin Ma'aikatar Ayyuka, su rubuta kowane rami da kowace kwana mai haɗari, su miƙa rahoton kafin a rufe kasafin baɗi.