SHARHI: Waƙoƙin da suka yi tashe a 2022, da kunnuwan Jega da ba a ƙirga ba

Duk wanda ya duba jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Najeriya a shekarar 2022 zai ga sunaye kaɗan suna ta maimaituwa. Asake ya mamaye shekarar da waƙoƙi irin su “Sungba” da “Terminator”. Kizz Daniel da Tekno sun fito da “Buga”, Burna Boy ya saki “Last Last”, ita kuwa “Calm Down” ta Rema sai da ta zagaye duniya bayan an sake rera ta tare da Selena Gomez ta Amurka. A shekarar ce kuma kamfanin TurnTable, mai fitar da jadawalin mako-mako, ya faɗaɗa shi zuwa waƙoƙi 100.

Sai dai wanda ya ratsa kasuwar Jega a wannan shekara, ko ya halarci biki a Maiyama, ko ya zauna da ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ya san akwai wani jadawalin da ba a rubuta ba. A cikinsa akwai “Warr” da “Chass” na Ado Gwanja, akwai kuma “Jagaba Shi Ne Gaba” da Dauda Kahutu Rarara ya yi wa Bola Tinubu. Ba wai matasan Kebbi ba su san “Buga” ba ne. Sun san ta sarai. Tambayar ita ce, me ya sa waƙoƙin da suka cika Arewa ba su kai saman jadawalin ƙasa ba?

Amsar tana cikin yadda ake ƙirgen. Ana haɗa jadawalin ne daga yawan sauraro a manhajoji irin su Audiomack da Boomplay da YouTube, tare da yawan sanya waƙa a gidajen rediyo da talabijin da ake bibiya. Shi kuwa mai sauraro a ƙauyukan Maiyama ba lallai ne ya ƙona data kan waƙa ba. Yakan miƙa wayarsa ga mai tura waƙoƙi a bakin tasha, a cika masa memori da 'yan kuɗi kaɗan, sannan ya raba wa abokai ta Bluetooth ko Xender. Waƙa ɗaya na iya shiga waya ɗari, na'urar ƙirge ba ta ga ko ɗaya ba.

Wannan ba batun alfahari kaɗai ba ne, batun abinci ne. Wanda ba a ƙirga ba, ba a biyansa. Mawaƙin Legas na samun kuɗi daga manhajoji, kuma matsayinsa a jadawali ne ke jawo masa talla da gayyata zuwa ƙasashen waje. Mawaƙin Hausa kuwa ya fi dogara da wasan biki da liƙi da kyautar masu hannu da shuni. A shekarar da ake shirin zaɓe, babu mai buɗaɗɗen hannu kamar ɗan siyasa.

Dogaro da ubangida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kebbi. Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani sun yi suna ne da waƙoƙin sarakuna da manyan mutane. Bambancin shi ne, makaɗin fada yakan yi shekaru a gida ɗaya, mawaƙin siyasa kuwa kwangilarsa takan ƙare da ƙirga ƙuri'a, wanda ya yaba bana yana iya zama abin zambonsa baɗi.

Zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ya nuna iyakar wannan ciniki. Duk da karɓuwar da waƙar Rarara ta samu, Atiku Abubakar ne ya lashe Jihar Kebbi a zaɓen shugaban ƙasa. A mazaɓar Kebbi ta Tsakiya, wadda Jega da Aliero da Maiyama ke cikinta, Sanata Adamu Aliero na PDP ya kayar da gwamna mai ci, Atiku Bagudu na APC. Ashe mutane na iya taka rawa da waƙa, su je rumfar zaɓe su yi abin da ke ransu.

Abin takaici shi ne, hukumomi ba su cika tunawa da mawaƙin Arewa ba sai an zo maganar hukunci. Tashen “Warr” da “Chass” bai kai Gwanja saman jadawali ba, amma ya sa wasu lauyoyi a Kano sun yi ƙararsa bisa zargin ɓata tarbiyya. Muhawara kan tarbiyya tana da muhallinta, sai dai al'ummar da ta iya tuhumar mawaƙi ya kamata ta iya kare guminsa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023 tana nan, amma ba ta da amfani ga mawaƙi muddin masu tura waƙoƙi na wajen tsarin. Kama su ba mafita ba ce, domin su ne ainihin dillalan wannan kasuwa. Abin da ya dace shi ne a yi musu rajista, a riƙa ƙirga abin da suke turawa, a ware wa mai waƙa kasonsa.

Kuma jama'a na iya biya. A 2020, Rarara ya nemi masoya Buhari su tura masa naira dubu ɗaya-ɗaya kafin ya saki sabuwar waƙa, aka kuwa tura. Idan hakan ta yiwu don waƙar yabon shugaba, za ta yiwu don waƙar da za ta faɗi halin da manomin albasa na Aliero ke ciki. Kafin gangar 2027 ta yi zafi, ya kamata matasa su tambayi kansu: wa ke biyan mawaƙin da suke saurara? Domin mai biya, shi ke zaɓar baitin.