Wa Ya Fara Cin Amana?

Jama'a, na gaji da jin wata magana a bakin 'yan boko. Wai mutanenmu ba sa yarda da hukuma saboda jahilci, wai Bature kuwa da yarda aka haife shi. Haba! Wannan magana ce ta wanda bai karanta tarihi ba.

Mu fara da Amurkan da ake kafa mana misali da ita. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta ƙasar ta sa ido a kan baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere a Tuskegee, ta hana su magani don ta ga yadda cutar ke cin jiki, alhali tun cikin shekarun 1940 aka sami fenisilin. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara. In jikokin waɗannan mutane suka ja da baya daga allurar gwamnati, jahilai ne su?

A Fakistan kuma, a 2011, hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya rigakafin ƙarya a Abbottabad don neman Usama bin Ladan. Bayan asiri ya tonu, ma'aikatan rigakafin shan-inna, yawancinsu mata, su suka riƙa shan harsashi.

To, mu dawo gida. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba wanda ya nemi izninsu. Shekara bakwai bayan haka, a 2003, Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna bisa raɗe-raɗin yana hana haihuwa. Raɗe-raɗin ƙarya ne, kuma yara da yawa sun nakasa a dalilinsa, har a ƙasashen maƙwabta. Amma wa ya share masa fage? Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Kuma ku lura, ba zagi ne ya dawo da mutane ba. Gwada maganin aka yi, aka kawo wani daga Indonesiya a 2004, aka zauna da sarakuna da malamai, aka bi gida gida shekara da shekaru, kafin a 2020 a tabbatar cutar ta asali ta bar Nijeriya.

Ku ɗaliban likitanci da na shari'a, gobe ku ne hukumar. Ranar da wata uwa ta rufe muku ƙofa, kafin ku ce mata jahila, ku tambaye ta abin da na gabanku suka yi mata.