SHARHI: Injin Lantarki Ba Ya Ƙonewa Sai Ya Yi Gargaɗi

A duk wata masana'anta da ke ƙasar nan, tun daga kamfanonin fulawa na Apapa da masana'antun Ikeja da Agbara, har zuwa kamfanonin casar shinkafa da na roba da ke Kano, abin da ke juya aiki shi ne injin lantarki. Shi ke jan ruwa daga rijiyar burtsatse, shi ke juya injin niƙa, shi kuma ke riƙe sanyi a ɗakunan ajiyar kifi da nama. Amma a galibin wuraren nan ba a tuna da shi sai ranar da aka ji ƙauri, hayaƙi ya tashi, aiki ya tsaya cik. A ranar ne mai kamfani zai ɗora laifi a kan masu ba da wuta, a ɗauki injin a kai wa masu naɗin koyil, bayan mako guda a mayar da shi a koma gidan jiya.

Wannan ɗabi'a ta jiran ɓarna ta zama asarar da 'yan kasuwa ba za su iya ci gaba da ɗauka ba. Tun bayan sakin darajar Naira a watan Yuni na 2023, Dalar Amurka da ake saya a kan kimanin N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a cikin 2024, alhali kuwa injinan da wayar jan ƙarfen da ake naɗa musu galibi daga waje ake shigo da su. Kazalika a watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ninka kuɗin wutar masu rukunin Band A fiye da sau uku zuwa N225 a kan kowane yunit, kafin daga bisani a ɗan rage shi. Saboda haka injin da ya ƙone yana da tsadar mayewa, wanda kuma ke aiki da ciwo a jikinsa yana shan wuta mai tsada.

Nau'in injin da ya fi yawa a masana'antu shi ne wanda injiniyoyi ke kira indakshin, wanda Nikola Tesla ya yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1888. An so shi ne saboda sauƙin gini da juriya, kuma wannan juriyar ce ta sa ake yi masa riƙon sakainar kashi. Wani rahoto da Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar a 2011 ya nuna cewa injinan lantarki da na'urorin da suke juyawa na cinye kimanin kashi 45 cikin 100 na dukkan wutar da ake sha a duniya.

Lissafin ba shi da wuya. Injin mai ƙarfin kilowat 37, wato kimanin doki 50, idan yana aiki da cikakken ƙarfinsa sa'o'i 16 a rana har kwana 300, zai sha yunit kusan 192,000 a shekara. A kan N200 kowane yunit, kuɗin ya haura Naira miliyan 38. Wannan ya nuna cewa kuɗin sayen injin ɗan ƙaramin kaso ne na abin da zai ci a tsawon rayuwarsa, kuma idan ingancinsa ya ragu da kashi 2 cikin 100 kacal, mai shi zai riƙa biyan sama da N700,000 a shekara ba tare da ya ga ƙarin buhu ko ɗaya ba.

Binciken da cibiyoyin injiniya suka gudanar a Amurka a shekarun 1980 ya gano cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na lalacewar injinan nan daga boris take farawa, sai kuma koyil da ke biye. Duka biyun ba sa lalacewa dare ɗaya. Boris ɗin da ya fara ci yakan sauya ƙara, ya ƙara zafi, ya sa injin karkarwa makonni ko watanni kafin ya kama. Koyil kuwa zafi ke cin rufin wayarsa a hankali, kuma ƙa'idar da injiniyoyi suka daɗe da sani ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Selshiyos a kan abin da aka tsara wa injin yana rage rabin kwanan rufin.

Babu shakka masu kukan rashin ingancin wuta suna da gaskiya. Manyan injinan nan da layuka uku suke aiki, kuma idan ƙarfin wutar layukan ya bambanta da kashi 3.5 cikin 100 kawai, zafin da koyil ke ɗauka yakan ƙaru da kimanin kashi 25. Idan layi ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya alhali injin na ɗauke da aiki, cikin ɗan lokaci sai ya ƙone. Har ila yau duk sa'ad da aka tayar da injin kai tsaye yakan ja wutar da ta ninka ta aikinsa sau biyar zuwa bakwai, don haka yawan ɗaukewa da dawowar wuta, da sauyi tsakanin wutar gari da janareta, duk duka ne a jikinsa. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fankarsa a arewa, da laimar da ke shiga koyil a Legas da Fatakwal.

To amma a nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya san hanyarsa na da ramuka shi ya fi cancanta ya riƙa duba tayoyinsa. Na'urar da ke katse wuta da zarar layi ɗaya ya ɗauke ko ƙarfin wuta ya karkata ana samunta a kasuwannin kayan lantarki, kuma kuɗinta bai kai na naɗin koyil sau ɗaya ba. Abin takaici shi ne, a wasu wuraren na'urar kariyar tana nan, amma da ta fara katse aiki sai ma'aikata su ɗaure ta ko su tsallake ta da waya, wato a kashe mai gadi don ya cika tada mutane daga barci.

Sa ido a kan lafiyar injin ba lalle sai da kwamfuta ba. Ma'aunin wuta mai kama waya, da ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa, da na'urar gwada rufin waya da aka fi sani da Megger, da littafi guda da za a riƙa rubuta sakamako a cikinsa kowane mako, sun ishi matsakaiciyar masana'anta. Littafin shi ne uwa uba, domin awo ɗaya ba ya faɗin komai. Sai an jera awon watanni ne za a ga zafin boris na hawa, a sauya shi ranar Lahadi da aiki ke tsaye. Manyan kamfanoni na iya ƙarawa da na'urorin awon karkarwa da na nazarin wutar da injin ke ja, waɗanda ke iya gano karyewar sandunan cikinsa ba tare da an kwance shi ba.

Ya kamata masu kamfanoni su ware wa wannan aiki kaso a kasafinsu na shekara, su kuma riƙa tambayar littafin awo kamar yadda suke tambayar littafin ciniki. Haka nan su lura da wanda suke kai wa naɗi, domin ƙona tsohon koyil da wutar itace, ko amfani da wayar da ta fi ta asali siranta, yana rage ingancin injin har ƙarshen rayuwarsa. Bankunan da ke ba da rancen sayen injina, ciki har da Bankin Masana'antu, da kamfanonin inshora, suna da hujjar neman ganin wannan littafi, tunda injin shi ne jinginarsu. Ita kuma Hukumar Horar da Ma'aikatan Masana'antu ta ITF, wadda aka kafa a 1971, tare da Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya, za su yi wa ƙasa babban aiki idan suka yawaita gajerun kwasa-kwasai ga masu gyaran lantarki, har da harsunan gida.

Gyaran wutar ƙasa aiki ne na shekaru, kuma ba a hannun ɗan kasuwa yake ba. Duba zafin injinsa ranar Litinin da safe kuwa a hannunsa yake. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a halin da Naira ke ciki ya fi shi araha nesa ba kusa ba.