Android ko iPhone: Wacce ce ta fi biya wa mutanen Dutse buƙata?

A shagunan waya da rumfunan caji na Yalwawa da sauran unguwannin Dutse, Tecno da Infinix da itel ne suka fi yawa. Kamfani ɗaya ne ke ƙera su, wato Transsion na ƙasar Sin, kuma manyan wayoyinsa a kan tsarin Android suke aiki. iPhone kuwa an fi ganinta a hannun ɗalibai da manyan ma'aikata, kuma galibi ta hannu ce da ake sarowa daga kasuwar Farm Centre ta Kano.

Abin da ya ba Android rinjaye

Na farko farashi. Tun da aka bar kasuwa ta yi wa naira daraja a watan Yunin 2023, duk kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, iPhone ta ƙara yi wa talaka nisa.

Na biyu wuta da layi. A garin da wutar lantarki ba ta tsayawa, mai saye yakan fara tambayar ƙarfin batir kafin kyawun kyamara. Yana kuma son waya mai ɗaukar layi biyu, in sabis ɗin MTN ya ɗauke ya koma Airtel.

Na uku data. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Mai Android na iya rage kashe kuɗi da Facebook Lite, ya kuma karɓi manhaja ko wa'azi daga wayar abokinsa ta Xender ba tare da data ba.

Manhajojin yau da kullum kuwa duk ɗaya ne. Saƙon murya na WhatsApp da ɗan kasuwar Shuwarin ke ciniki da shi, da OPay da Moniepoint da PalmPay da suka bazu lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, suna aiki a kan kowanne tsari. Abin da iPhone ke ƙarawa shi ne kyawun bidiyo ga masu TikTok, da darajar da take riƙewa in an tashi sayarwa.

Inda asara take

Android na barin mutum ya saka manhaja daga wajen Play Store, kuma ta nan ne irin su GB WhatsApp da manhajojin bashi marasa rajista ke shiga. Kamfanin WhatsApp na rufe asusun masu amfani da na bogi. A 2023 Google ya hana manhajojin bashi na Play Store leƙa lambobi da hotunan mutane, amma wannan kariya ba ta shafi wadda aka turo daga wata waya ba.

Tsohuwar iPhone ma tana da nata tarkon. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus, saboda ba sa karɓar sabon iOS. Wanda ya saye su don arha, kuma sana'arsa ta dogara da WhatsApp, dole ya sake neman kuɗin wata waya.

Ke nan ga mai ƙaramin jari, abin dubawa kafin biyan kuɗi shi ne ko wayar na karɓar sabuntawa, ko an cire asusun tsohon mai ita, da kuma inda manhajojin cikinta suka fito, tunda yanzu kuɗinsa a cikinta suke kwana.