Kantin Magani Ba Rumfar Goro Ba Ne

Ya ku 'yan'uwa mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba har Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal, akwai wata mummunar ta'ada da ta yi mana katutu, kuma shirun da ake yi a kanta ya isa haka. Mutum zai je asibiti, likita ya auna jininsa, ya ce yana da ciwon sukari, ya rubuta masa magani. Daga ranar nan shi da asibiti sun yi hannun riga. Sai ya adana tsohon kwali a aljihu, duk sa'ad da ƙwaya ta ƙare ya miƙa wa yaro ya ce a sayo masa irinta, sai ka ce mai aiken goro. Wani ma ko wannan ba ya yi, tasha yake zuwa ya tsaya gaban mai lasifika, wanda ke rantsuwa cewa garin da ke hannunsa yana kawar da sukari da basir da hawan jini cikin mako biyu.

Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Tun 1921 da aka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada masana ke ta bincike, har yau ba su samo ƙwaya ko jiƙon da za a sha ciwon nan ya rabu da mutum ba. Ciwo ne da ake lallaɓawa kullum, mai lallaɓa shi kuwa yana bukatar wanda zai riƙa tambaya. Ganin likita a Ikko yakan cinye wa mai gadi ko mahauci yini guda. To, amma akwai masani a bakin titi wanda ba a yankar kati kafin a gan shi, watau masanin harhaɗa magunguna.

Kada a ruɗe, ba duk wanda muke kira mai kemis ne masani ba. Masanin ya yi shekara biyar ko shida a jami'a, ya ƙara guda ta koyon aiki, sa'an nan hukumar PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ta yi masa rajista. A ƙofar kantinsa akan ga alamar gicciye kore, takardar izninsa kuma tana rataye a bango. Mai ƙaramin kemis na lungu iyakarsa magungunan yau da kullum irin na ciwon kai, doka ba ta ba shi ikon sayar da maganin da sai likita ya rubuta ba.

Me masanin zai yi maka? Zai gaya maka cewa metformin tare da abinci ake shan ta don kada ta dami ciki, kuma mai ciwon ƙoda ba ya shan ta da ka. Zai gargaɗe ka cewa glibenclamide, idan ka sha ta ka fita neman abinci ba ka karya kumallo ba, tana iya zubar da sukarin jikinka har gumi ya keto maka, jiki ya ɗau rawa, ka yanke jiki ka faɗi. Direban tirela da ke kan hanyar Ore ya auna wannan da kansa. Maganin halin nan kuwa ƙwayar sukari uku ko huɗu ne a aljihu, abin da mai lasifika bai taɓa faɗa wa kowa ba. Idan azumi ya gabato, masanin zai tura ka ga likita a gyara lokutan shan maganin, ya kuma sanar da kai cewa in na'urar awo ta nuna ƙasa da 70, ci gaba da azumin wannan rana ganganci ne.

Ga kuma batun insulin. Sanyi take so amma ba ƙanƙara ba, zafin rana kuma kashe ta yake yi. Nawa ne cikinmu ke da firji a ɗakin haya, balle wutar da za ta kunna shi? Masanin zai nuna maka yadda ake ajiye ta a gindin randa, da yadda ake sauya wurin allura. Zai kuma tambaye ka sauran abin da kake sha, domin ƙwayoyin nan na sa ƙiba irin su dexamethasone tayar da sukari suke yi. In ya ga gyambo a ƙafarka ba zai shafa maka man zafi ya sallame ka ba, asibiti zai kora ka tun ba a kai ga yanke ƙafar ba.

Za a ce kantinsa da tsada. Gaskiya ne, tun 2023 da darajar Naira ta faɗi, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. Amma fa araha ba ta ado. A Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Anacha da Aba saboda jabu da waɗanda wa'adinsu ya wuce. Wanda ya sayi alli da sunan metformin, me ya rage wa kansa?

Su ma masanan ba za mu ƙyale su ba. Akwai masu rataye takarda a bango su tafi harkar gabansu, su bar yaron da bai san komai ba sai ƙirga canji. Akwai waɗanda in sun ga Bahaushe da hula sai su miƙa kwali su kau da kai, wai ba ya jin Turanci. Haba! Ai kuɗinsa kuna jin su. Wanda ya buɗe kanti a Mile 12 ko Sabo, lalle ne ya zauna a ciki, ya kuma nemi tafinta.

Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, ku da kuke tara kuɗin kai gawa Arewa cikin dare ɗaya, ku nemi masani mai rajista a unguwanninku, ku shirya da shi ya riƙa zuwa ƙofar fada ranar Juma'a bayan an sauko, da na'urar awo da tafinta, kowa ya zo da kwalin maganinsa a hannu.